Bashin Shinkafar Kaladan: Lacca a Kan Rayuwar Wani Tsohon Sojan Bama



Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda rai da ajali suke a hannunsa, da salati ga Fiyayyen Halitta, ina gaishe da shugaban wannan zama, Allah ya ƙara masa girma, da malamaina waɗanda bai kamata in buɗe baki a gabansu ba sai don sun yi mini izini, da iyayenmu 'yan mazan jiya da suka daure suka zo duk da sanyin hunturu, da ɗalibai maza da mata.

Al'adarmu ce, idan ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, ta kewayo, a taru a yi fareti, a ajiye furanni, a busa begila, a kawo mai jawabi ya ba da labarin artabu da jaruntaka, sa'an nan kowa ya kama gabansa sai baɗi. Ban raina wannan al'ada ba. Amma na daɗe ina lura da cewa yaƙi, kome tsananinsa, ɗan yanki ne na rayuwar wanda Allah ya ƙaddara zai fito daga cikinsa da rai, kuma shekarun da ke biyo baya, waɗanda ba a busa musu begila, su ne suka fi yawa, su ne kuma suka fi wuyar ɗauka. Saboda haka yau zan yi magana a kan mutum guda, wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 16, ya fito bai cika 20 ba, sa'an nan ya rayu har shekara 86. Sunansa Isaac Fadoyebo. Bayarabe ne, Kirista, daga wani ƙauye da ake kira Emure-Ile kusa da Owo, a cikin Jihar Ondo ta yanzu.

Na san wani zai ce a ransa, ina ruwanmu da Bayarabe, alhali kuwa Kano da Katsina da Zazzau da Bauci da Barno sun ba da 'ya'yansu dubbai a yaƙin Bama, har ma Hausa ce harshen bariki a Rundunar Nijeriya tun zamanin Lugga? Amsar ita ce, shi ya rubuta. Iyayenmu da kakanninmu da suka je Bama sun dawo sun ba da labari a zaure da bakin kasuwa, labarin ya bi iska tare da su zuwa kushewa. Shi kuwa wannan bawan Allah ya zauna ya sa nasa a takarda, don haka da bakinsa za mu ji abin da namu suka gani.

Bari in ɗan shimfiɗa tabarma tukuna, saboda ɗalibai. A watan Fabrairu na 1942 Japan ta ƙwace Singafo daga hannun Ingilishi, a watan Maris ta shiga Rangun, kafin damina ta kankama ta kore su daga ƙasar Bama ɗungum har zuwa iyakar Indiya. Ingila kuwa a lokacin tana fama da Hitila a Turai da Afirka ta Arewa, mazajenta sun yi mata kaɗan, sai ta waiwayo ƙasashen da take mulka. Sojojin Afirka ta Yamma sun riga sun nuna kansu a yaƙin Habasha da Italiya a 1941, kuma manyan hafsoshin Ingila suna da wani zato, wanda jahilci ya fi yawa a cikinsa, cewa duk baƙin mutum ɗan kurmi ne, ba su san cewa Bakatsine ko Babarbare bai taɓa ganin dajin da rana ba ta ratsa shi ba. A 1943 aka kafa runduna biyu, ta 81 da ta 82, daga mutanen Nijeriya da Gwalkwas, wato Gana ta yau, da Saliyo da Gambiya. Tambarin ta 81 gizo-gizo ne, wato Gizon tatsuniya wanda mutanen Asante ke kira Ananse; na ta 82 kuwa māsu biyu ne a gicciye tare da gammo. Wannan gammo ba ado ba ne. A duwatsun Arakan babu hanyar mota, a wurare da yawa ko alfadari ba ya iya bi, don haka aka ɗebi dubban mutanenmu ba don su riƙe bindiga ba, sai don su ɗauki harsashi da abinci da gutsattsarin igwa a ka, jiragen sama kuma suna jefo musu guzuri daga bisa. Idan aka haɗa da na Afirka ta Gabas, Afirkawa kimanin 100,000 ne suka yi wannan yaƙi. Sarkin Katsina Usman Nagogo, a shekarar da ya hau gadon sarauta, 1944, ya tafi har can ya duba su. Duk wanda ya taɓa wucewa ta barikin Dalet ko Kalapanzin a Kaduna, ko Chindit a Zariya, ko Dodan da Myohaung a Ikko, to, ya sani sunayen Bama yake karantawa, ko ya gane ko bai gane ba.

Isaac ya gama makarantar firamare, babu halin ci gaba, ga shi kuma yaro mai ƙwaƙwalwa wanda noman ƙauye bai ishe shi buri ba. Da masu ɗaukar kurata suka zo a farkon 1942, sai ya ba da sunansa. Kada mu ɗora masa niyyar da bai yi ba: ba ƙiyayyar Hitila ce ta kai shi ba, balle ta Sarkin Japan wanda bai san da zamansa ba, albashi ne, da kaki, da son ganin duniya, abubuwan da har gobe suke kai yaro bariki. Da yake ya iya karatu da rubutu, sai aka koya masa aikin jinya, aka sa shi a wata ƙungiyar asibitin tafi-da-gidanka mai lamba 29, a ƙarƙashin Runduna ta 81. A 1943 suka shiga jirgin ruwa, suka kewaye ta Afirka ta Kudu, suka sauka Bambai, daga nan jirgin ƙasa ya ratsa Indiya da su zuwa gabas, har suka gangara kwarin wani kogi da ake kira Kaladan.

Ranar 2 ga Maris, 1944, suna bakin wannan kogi, bayan sun biyo shi a kan gora da aka ɗaɗɗaure ta zama kamar kwale-kwale, ba su da labarin cewa sojojin Japan sun zagayo sun yanke bayan rundunar, sai wuta ta buɗe musu daga ɗaya gaɓar da sassafe. Ku tuna ma'aikatan asibiti ne, ba mayaƙa ba. Aka kashe na kashewa, masu ƙafa suka faɗa daji. Harsashi ya farfasa wa Isaac ƙashin cinya, wani ya same shi a ciki. Da Japanawa suka haye suka duba waɗanda ke kwance, sai suka bar shi, ba don tausayi ba, sai don sun ga ba shi da sauran kwana da za a ɓata harsashi a kansa. Rundunarsa ta ja da baya, aka rubuta sunansa cikin waɗanda suka ɓace, aka aika gida da wannan labari.

A nan nake so mu dakata, domin nan ne zuciyar maganar. Yaron nan ya kwanta a daji, a ƙasar da ke hannun abokan gaba, bai san harshen kowa ba, ƙafa ta ruɓe tana tsutsa, waɗanda aka raunata tare da shi suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage daga shi sai wani Basaliye mai suna David Kargbo, wanda shi ma harsashi ya kayar. Mutanen ƙauyen da ke kusa, talakawa ne manoman shinkafa, Musulmi, daga al'ummar da duniya ta sani yau da sunan Rohingya, su ne suka riƙa saɗaɗowa suna kawo musu 'yar shinkafa da ruwa. Da damina ta sauka, kuma wanda bai ga daminar Arakan ba bai san abin da ake kira ruwa ba, sai wani magidanci daga cikinsu mai suna Shuyiman ya ɗauke su ya kai su cikin gidansa, inda matarsa da 'ya'yansa suke, ya ɓoye su, ya ciyar da su, yana sane sarai cewa idan 'yan sintirin Japan suka gano, ko wani maƙwabci ya kai tsegumi, to, ba shi kaɗai za a yanka ba. Wata tara suka yi a wannan ƙasa kafin sojojin Ingila su dawo kwarin a ƙarshen 1944, a same su da rai a watan Disamba.

Malamaina sun fi ni sanin babin amana a littattafan fiƙihu, inda aka tabbatar cewa idan Musulmi guda, kome ƙanƙantar matsayinsa, ya ba wani mutum mafaka, to, wannan alkawari ya hau wuyan jama'a, kuma ba a tambayar addinin wanda ya nemi tsari kafin a ba shi. Muna karanta wannan a zaure, muna yi masa sharhi da hashiya. Shuyiman manomi ne, ba alƙali ba ne, ba shi da rumbun da ya cika, ba shi da wata alaƙa da Sarkin Ingila da zai sa rai da lada daga gare shi. Ya dubi baƙaƙen mutane biyu da suka zo daga wata nahiya yaƙin da ba nasu ba, a ƙasar da ba tasu ba, ya ga bayin Allah ne masu jin yunwa. A ganina, cikin dukan mazajen da suka taka kwarin Kaladan a wannan shekara, da masu anini a kafaɗa da masu igiya a hannu, babu wanda ya fi wannan mutum ƙarfin zuciya, shi kuwa ba a sa wa ko da lungun bariki sunansa ba.

Ba ina rage darajar mayaƙa ba ne. Muna da irin su Samanja Chari Maigumeri, Babarbare, wanda ya fara soja a hannun Jamus a Kamaru, Ingilishi suka kama shi a Garwa a 1915, ya koma cikin rundunarsu a 1917, ya yi yaƙin Habasha, ya yi na Bama, bai tuɓe kaki ba sai 1953, aka ba shi girman kyaftin, yau ga bariki da sunansa a Lakwaja. Irin wannan shi ake nufi idan an ce soja. Amma a kowane Maigumeri guda akwai dubu irin Isaac, waɗanda rabonsu daga yaƙi shi ne rauni, da ɗan abin sallama, da tikitin jirgin ƙasa zuwa tashar da ta fi kusa da garinsu.

A 1945 ya dawo gida, bayan likitoci sun yi abin da za su iya, ƙafa ɗaya ta gajarce, ɗingishin da bai rabu da shi ba har kabari. Da ya iso Emure-Ile, mutanen da suka riga suka yi makokinsa sai suka riƙa watsa masa ƙasa, bisa al'adarsu, don su tabbatar mutum ne ba fatalwa ba. To, daga wannan rana fa aka fara abin da na kira dogon yaƙi, wanda ya ɗauki shekara 67.

Ku dubi halin da irinsa suka tarar. An yi musu alkawura a bakin daga, na aiki da fensho da daraja, suka dawo suka iske kaya sun yi tsada, aiki ya yi wuya, abin sallamar da aka ba Baƙar fata kuma bai kama ƙafar na Bature ba ko da igiyarsu ɗaya. A Ankara, ranar 28 ga Fabrairu, 1948, tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano za su kai wa Gwamna takardar koke, 'yan sanda suka buɗe wuta, aka kashe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey, tarzomar da ta biyo baya kuwa tana cikin abubuwan da suka gaggauta 'yancin Gana a 1957. Na Faransa nasu ya fi muni, domin a sansanin Caroy kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba, 1944, an bindige sojojin Afirka da suka dawo daga Turai saboda sun nemi haƙƙinsu. A nan Arewa abin bai kai ga jini ba. Namu suka watsu cikin gari, wasu suka shiga 'yan doka na En'e, wasu suka zama masinjoji a ofishin Di'o, wasu direbobi da makanikai saboda sana'ar da suka koyo a soja, da yawa kuma suka koma gona, kakin ya tsufa a jikinsu har ya zama tsumma. Waɗanda suka girma a birane a shekarun 1960 da 1970 sun san su: tsohon da ke gadin kanti ko makaranta, ƙafarsa a miƙe, gaisuwarsa da sara, yara suna tsokanarsa don ya yi musu faretin da babu kwamanda.

Isaac yana cikin masu sa'a, domin yana da ilmin boko. Ya sami aikin gwamnati, ya zauna a Ikko, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya sa su makarantar da shi bai samu ba, ya ga jikoki, ya yi ritaya. In an faɗe shi haka a jere sai ya zama kamar ba kome, kuma na lura masu rubuta tarihi sukan ba wata taran nan babi goma, su ba shekara sittin da bakwai shafi biyu. Ni kuwa ina ganin a nan ne aikin yake. Mutumin da ya kwana cikin gawarwakin abokansa yana ɗan shekara 18, a ce ya tashi kowace safiya ya ja ƙafarsa zuwa tashar mota, ya zauna a tebur ya yi wa wanda bai taɓa jin ƙarar bindiga ba biyayya, ya karɓi albashi ya kasa shi tsakanin haya da kuɗin makaranta da dangin ƙauye, ya yi haka shekara da shekaru ba tare da ya huce haushinsa a kan matarsa da 'ya'yansa ba, wannan mujahada ce ta nafsi wadda malamai suka ce ta fi ta takobi wuya. Mun san gidajen da abin bai yiwu ba. Mun san waɗanda suka dawo da firgita, suna zabura cikin dare, waɗanda suka faɗa shaye-shaye, waɗanda aka ce aljanun Bama sun biyo su, aka yi ta rubutu da turare, alhali ciwo ne da likitocin yau suka san sunansa da maganinsa. Kuma idan za a yi adalci, duk tsohon sojan da ya tsufa cikin mutunci a ɗakinsa, a bincika, za a tarar akwai wata mace da ta sha daren da ba ta ba kowa labari ba. Ita ba ta cikin jerin masu fensho.

Wani abu guda ya riƙa cin Isaac a rai duk tsawon wannan zamani. Ranar da aka cece su, an ɗauke su cikin gaggawa, bai sami zarafin yi wa mai gidansa godiyar da ta kamata ba, kuma babu adireshi, babu gidan waya, ƙasar Bama ma daga 1962 sojoji suka rufe ta ruf. Hausawa na cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Amma wanda aka yi wa alherin, ya rasa hanyar ko da cewa madalla, shi ya san nauyin da yake ɗauke da shi. Ina zaton wannan nauyi ne ya sa shi zama ya rubuta labarinsa bayan ya bar aiki. Rubutun ya kai hannun wani masanin tarihi Baingile, David Killingray, aka buga shi a Amurka a 1999, ɗan ƙaramin littafi mai suna A Stroke of Unbelievable Luck, wanda kusan babu wanda ya karanta shi a Nijeriya. Sai wani ɗan jarida, Barnaby Phillips, wanda ya taɓa zama wakilin BBC a Ikko, ya ci karo da shi a ɗakin karatu na gidan tarihin yaƙi a Landan, ya nemi tsohon, ya same shi da rai a unguwar Surulere.

A 2011, lokacin Isaac ya tsufa ƙwarai, tafiya irin wannan ta fi ƙarfinsa, sai ya rubuta wasiƙar godiya ya ba Phillips, shi kuma ya tafi Jihar Rakhine, wato Arakan ta da, ya bi kogin yana tambaya har ya sami ƙauyen. Shuyiman ya daɗe da rasuwa. Amma zuriyarsa suna nan, kuma abin da ya fi ba ni mamaki, ba su manta ba. Labarin baƙaƙen sojoji biyu da aka ɓoye a gidansu yana nan a bakinsu, ana gādonsa kamar yadda ake gādon gona. Aka karanta musu wasiƙar, suka yi kuka, aka ɗauki hotonsu aka kawo wa tsohon a Ikko. Tashar Aljazira ta nuna wannan a wani fim mai suna Burma Boy, daga baya Phillips ya faɗaɗa shi ya zama littafi, Another Man's War, a 2014. Akwai kuma wani littafin ƙagaggen labari mai irin sunan fim ɗin, na marigayi Biyi Bandele, haifaffen Kafancan, wanda mahaifinsa ya yi yaƙin Bama, kuma sojojin da ke cikinsa Hausa suke yi. Ɗalibai su neme shi, kada su rikita su.

Isaac Fadoyebo ya rasu a watan Nuwamba na 2012, shekara guda bayan saƙonsa ya isa. A cikin wannan shekarar ce rikici ya ɓarke a Rakhine, aka ƙone ƙauyukan Rohingya, aka tara dubbai a sansanoni. A 2017 kuma sojojin ƙasar suka yi musu dirar da ta kori fiye da mutum 700,000 zuwa Bangaladash, inda mafi yawansu suke har yanzu a bukkokin gora da leda a yankin Cox's Bazar, gwamnatin ƙasarsu kuwa tun dokar 1982 ba ta lissafa su cikin 'yan ƙasa. Jama'ar da ta ba yaranmu biyu mafaka wata tara ita ce yau take bara a ƙofar maƙwabta, kuma ban taɓa jin an ambaci sunanta a wani faretin 15 ga Janairu ba. Ina roƙon limaminmu, idan ya tashi rufe wannan zama da addu'a, bayan ya roƙa wa mazajenmu da suka kwanta a Kaladan da Myohaung gafara, ya sa da Shuyiman da zuriyarsa.

Shugaba, na ci lokacin masu tambaya, a gafarce ni.